Yadda ake bin haƙƙin wanda aka ji wa mummunan rauni a Abuja, daga asibiti har kotu

Na daɗe ina raka mutane caji ofis da kotu a kan maganar duka, sara da suka. Galibinsu 'yan kasuwa ne, leburori, masu gadi da direbobin Keke da ke zaune a Dei-Dei, Kubwa, Gwagwa, Karmo da Zuba. Yawancin shari'o'in da na ga sun lalace, tun a kwana ukun farko suka lalace, lokacin da hankalin kowa ke kan jini da kuka, babu wanda ya tuna da takarda. Alƙali bai ga faɗan ba, bai ga jinin ba. Abin da aka rubuta da abin da shaidu suka faɗa kaɗai zai gani. Saboda haka na rubuta wannan domin wanda abin ya faɗo wa karon farko, ko shi aka ji wa ciwo ko ɗan'uwansa.

Abin da za ka tanada

Waya mai kyamara, da caji a cikinta. Littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro, wanda ba za a rubuta komai a ciki ba sai wannan magana. Fayil guda na ajiye katin asibiti, rasit da hoton ƙashi. Babban ambulan ko kwali na ajiye tufafin da jini ya ɓata. Katin shaida, na ɗan ƙasa ko na zaɓe. Kuɗin mota da na fotokwafi. Sai abin da ya fi duka amfani: mutum ɗaya mai sanyin zuciya, wanda yake karanta Turanci, da zai riƙe maganar daga farko har ƙarshe. Idan yau ƙani ya je caji ofis, gobe kawu, jibi maƙwabci, labari zai rabu uku, lauyan wanda ake zargi kuma da wannan zai ci abinci.

Abin da doka ta ce

A Abuja da kundin dokar laifuka na Final Kod (Penal Code) ake hukunta irin wannan laifi. Ba a aiki da dokar laifuka ta shari'ar Musulunci a nan kamar yadda ake yi a Zamfara ko Kano, don haka wanda ya zo da tsammanin ƙisasi ya sani kotun Abuja ba ta da wannan hurumi.

Kundin ya raba rauni gida biyu: rauni na yau da kullum da mummunan rauni. Sashe na 241 ya lissafo mummunan rauni ɗaya bayan ɗaya: kashe wa namiji mazakuta, rasa ganin ido, jin kunne ko magana har abada, rasa wata gaɓa, nakasa gaɓa ta yadda ba za ta koma aikinta ba, ɓata kamannin fuska ko kai na dindindin, karaya ko gocewar ƙashi ko haƙori, da duk raunin da ya jefa rai cikin haɗari, ko ya sa mutum ya yi kwana 20 cikin matsanancin ciwo ko ya kasa yin harkokinsa na kullum. Ka lura da haƙori. Mutane da yawa suna raina haƙori guda da ya fita, alhali a doka ajinsu ɗaya da karayar ƙafa.

Ga hukuncin. Rauni na yau da kullum, sashe na 246, ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba ko tara. Mummunan rauni da gangan, sashe na 247, har shekara 7 da tara a kai. Idan an yi amfani da makami ko abu mai haɗari, kamar wuƙa, adda, bindiga, wuta ko tafasasshen ruwa, sashe na 248 ne: har shekara 3 idan raunin ƙarami ne, har shekara 14 idan mummuna ne. Idan kuwa kotu ta gamsu cewa wanda aka ji wa ciwon ne ya tunzura mai laifin da tsokana mai tsanani nan take, sashe na 245 ya sauko da hukuncin mummunan rauni zuwa abin da bai wuce shekara 4 ba. Akwai kuma dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ake kira VAPP, da ke aiki a Abuja. Ita ta tanadi har shekara 5 ko tarar da ba ta wuce naira 100,000 ba ga wanda ya ji wa wani ciwo da gangan, sannan ɗaurin rai da rai ba zaɓin tara ga wanda ya watsa wa mutum ruwan batir ko makamancinsa.

Duk waɗannan shekaru iyaka ce ta sama, alƙali na iya yanke ƙasa da haka. Amma ka ga tazarar da ke tsakanin shekara 1 da shekara 14. Abin da ke nuna inda ƙararka za ta faɗa abu biyu ne: abin da likita ya rubuta, da abin da aka bugi mutum da shi.

1. Asibiti kafin komai

Kada ka tsaya neman takardar 'yan sanda alhali mutum na zubar da jini. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. Dokar 2017 ta kula da waɗanda aka harba ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin bindiga ko da babu takardar 'yan sanda. Idan babu mota ko ana cikin haɗari, a kira 112.

In da hali a nufi asibitin gwamnati: na Wuse, Maitama, Asokoro, Gwarinpa, Kubwa ko Nyanya, ko asibitin koyarwa na Gwagwalada, ko Babban Asibitin Ƙasa idan abin ya yi tsanani. Rahoton likitan gwamnati ya fi sauƙin gabatarwa a kotu. Idan asibitin kuɗi ne mafi kusa, a fara da shi a ceci rai, sannan a karɓi takardar turawa zuwa na gwamnati, a riƙe takardun wurin farko su ma.

Babban kuskuren mutanenmu shi ne wucewa kai tsaye wurin mai ɗori ko kemis. Ba na raina masu ɗori, na san waɗanda suka gaji sana'ar kuma Allah Ya ba su sa'a. Sai dai mai ɗori ba ya ba da takardar da kotu za ta karɓa. Na taɓa bin maganar wani yaro mai turin baro da aka maka wa katako a hannu kan rigimar lodi. 'Yan'uwansa suka kai shi ɗori, sai bayan kwanaki aka je asibiti, aka rubuta masa kumburi da ciwo kawai, ba a ɗauki hoto ba. Da wannan takarda aka kai ƙara a matsayin ƙaramin rauni, yaron kuwa ya yi watanni bai ɗaga baro ba. Har yau abin yana damuna. Idan kun riga kun je ɗori, kada ku ce an makara. Ku je a ɗauki hoton ƙashin, domin karaya tana nunawa a hoto ko ta fara haɗewa.

Ku gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru. Wasu don gudun tambaya sai su ce faɗuwa ya yi daga babur. Wannan kalma za ta shiga fayil, ranar shari'a kuma a karanto muku ita.

2. Hoto, tufafi da shaidu

Ka ɗauki hoton raunin kafin a ɗinke ko a naɗe, idan hakan ba zai jinkirta magani ba. Hoto ɗaya daga nesa da ke nuna fuskar mutumin da raunin tare, sannan na kusa. Ka sake ɗauka bayan kwana biyu, saboda wani kumburin da taruwar jini sai daga baya suke fitowa. Kada ka gyara hoton, kada ka sayar da wayar ko ka goge na asali, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana buƙatar a yi bayanin na'urar da aka ɗauki hoton da ita. Ka tura kwafi zuwa wata waya don gudun ɓata.

Rigar da jini ya ɓata kada a wanke ta. A shanya ta a inuwa ta bushe, a sa a ambulan. Leda tana sa ta yi fumfuna. Idan makamin yana wurin, a ɗauki hotonsa a inda yake, a bar 'yan sanda su ɗauka da kansu.

Shaidu kuwa a ranar ake kama su. Yau kowa a kasuwa ya gani, bayan mako guda kowa ya tafi salla lokacin da abin ya faru. Ka rubuta suna, lambar waya, inda mutum yake kwana da garinsu na asali, don da yawan 'yan ci-ranin Abuja damina na faɗuwa suke komawa gida. Idan akwai shago ko gidan mai da ke da kyamarar tsaro, a roƙe su a ranar ko washegari, domin irin waɗannan na'urori suna goge tsohon ɗauka da kansu.

3. Kai rahoto caji ofis

Ofishin da ke kula da unguwar da abin ya faru za ka je, ko da ba a nan kake zaune ba. A kula da iyaka: Mararaba da Masaka jihar Nasarawa ce, Suleja da Madalla jihar Neja ce. Idan a can aka yi faɗan, can za a kai ƙara, kuma dokar jihar ce za ta yi aiki, ko da a Nyanya ko Kubwa aka yi jinya.

A kantar ofishin za a rubuta ƙorafinka a littafi, a haɗa ka da ɗan sanda mai bincike, wanda ake kira IPO. Rubuta sunansa, lambar wayarsa da ranar. Zai ba ku fom na zuwa asibiti, ku tabbata an cike shi an dawo da shi, ku riƙe kwafi.

Wurin rubuta bayani a natsu. A faɗi rana, lokaci, wuri, wanda ya yi, abin da ya riƙe, inda ya buga da sau nawa, da kalmomin da ya furta. Idan mai dukan ya ce sai ya kashe mai raunin, a rubuta haka, domin yana iya mayar da tuhumar yunƙurin kisa a sashe na 229. Idan su uku ne, a faɗi abin da kowannensu ya yi. Wanda ba ya jin Turanci ya yi bayaninsa da Hausa, a fassara, a karanta masa kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Kada a ƙara gishiri. Idan gora ce kada a ce adda, likita zai rubuta abin da ya gani, ƙarya guda kuma tana iya rusa gaskiya goma. Kada kuma a ɓoye cewa an yi cacar baki kafin dukan, ai ɗaya ɓangaren zai faɗa.

Idan mai raunin yana kwance, ɗan'uwa ya kai rahoton, IPO ya biyo shi asibiti ya ɗauki bayani.

4. Rahoton likita

Nan ne zuciyar ƙarar. Katin asibiti da takardar sayen magani ba su ne rahoto ba. Rahoto takarda ce mai kan asibiti, da sunan likita, sa hannunsa, hatimi da kwanan wata. Yawanci akan nema a rubuce, a biya kuɗi a karɓi rasit, a jira 'yan kwanaki.

Ba za ka gaya wa likita abin da zai rubuta ba, kuma kada ka kuskura ka gwada. Amma kana da damar roƙonsa ya fayyace abin da ya gani: wane ƙashi ne ya karye, haƙori nawa, tsawon yankan da zurfinsa, ɗinki nawa, an yi ƙarin jini ko tiyata, kwana nawa aka kwanta, kuma ko raunin ya yi barazana ga rai. Rahoton da ya ce an ga raunuka a jiki kawai ba ya kai ƙara sashe na 247. Idan ido ne ko kunne, a nemi ganin likitan wannan fanni, shi ne zai iya cewa gani ko ji ya tafi ke nan. Wani lokaci sai bayan makonni ake tabbatarwa, sai a karɓi rahoto na biyu a kai wa IPO.

Ka rubuta cikakken sunan likitan da sashen da yake aiki. Likitoci suna canza wurin aiki, kotu kuma tana iya buƙatar ya zo da kansa. Asalin rahoton yakan shiga fayil ɗin 'yan sanda, saboda haka ka yi fotokwafi uku ka kuma ɗauke shi a waya kafin ya bar hannunka.

Sai maganar kwana 20, wadda mutane ba su cika sani ba. Ko babu karaya, idan mutum ya yi kwana 20 bai iya fita sana'arsa ba, raunin ya shiga sahun mummuna. Amma sai an nuna. A littafin nan naka ka riƙa rubuta kowace rana: yau bai iya tashi ba, yau an koma wankin ciwo, yau an sayi magani kaza. A riƙa komawa asibiti duk ranar da aka ba shi. Ma'aikaci ya karɓi takardar hutun rashin lafiya. Ɗan kasuwa ko direba ya sa shugaban layinsu ko na tasha ya shirya ba da shaidar cewa bai fito ba.

5. Bibiyar bincike

Ka riƙa leƙawa cikin ladabi, kana rubuta ranar da ka je da abin da aka ce maka. Kafin a kai kotu ka tambayi IPO sashen da za a rubuta a takardar tuhuma. Idan rahoton likita ya ce karaya amma ka ga 246, ka nemi ganin DPO, wato shugaban caji ofis ɗin, da kwafin rahoton a hannunka.

Idan magana ta kwanta, a rubuta takardar koke zuwa ga Kwamishinan 'yan sandan Abuja, a haɗa da kwafin komai, a karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wato ACJA, ta kuma ba da damar kai ƙorafi kai tsaye gaban majistare, wanda zai iya tura wa 'yan sanda su bincika. Idan abin tsakanin miji da mata ne, ko 'yar aiki ko yaro aka azabtar, hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, ce aka ɗora wa kula da dokar VAPP, kuma ana iya neman kotu ta ba da umarnin kariya da zai hana mai dukan kusantar wanda ya daka. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta ƙasa, mata da yara kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Abu biyu kada ku yi. Kada ku matsa a kama uba ko matar wanda ya gudu, sashe na 7 na ACJA ya hana kama wani a madadin wani. Kada kuma samarin gida su je ramuwa. Na ga gidan da suke da gaskiya tsantsa, dare ɗaya ƙannen mai raunin suka mayar da kansu waɗanda ake tuhuma.

6. Idan ka ga an ba wanda ake zargi beli

Ranka zai ɓaci, na sani. Amma beli ba sallama ba ce, kuma doka ta ɗauki mutum mara laifi har sai kotu ta tabbatar. Abin da ya rage gare ka shi ne sa ido. Idan ya fara aiko da barazana ko yana bin shaidu, ka ajiye saƙon, ka sanar da mai gabatar da ƙara. Kotu na iya janye belin, barazanar kanta kuma laifi ce a sashe na 397.

7. Masu zuwa neman sulhu

Za su zo. Mai unguwa, liman, shugaban kasuwa, wani lokaci har da sarkin Hausawan yankin, su ce a yi haƙuri a bar wa Allah, zaman tare ya fi. Ni ba na adawa da sulhu, na sha zama a yi shi, kuma sau da yawa kuɗin magani a hannu ya fi wa talaka amfani a kan a kai wani gidan yarin Kuje. Abin da ba na yarda da shi shi ne sulhun da ake yi a kan mai rauni ba tare da shi ba, dattawa su sha shayi su yi musabaha, shi kuwa a bar shi da bashin asibiti. Wanda aka ji wa ciwo shi ke da haƙƙi, bakinsa za a ji, ko mace ce ko yaron shago ne.

Idan za a yi, a jira likita ya faɗi inda raunin ya tsaya, don kada a karɓi kuɗin ɗinki sannan a gano ana buƙatar tiyata. A lissafa abin da aka kashe, abin da za a kashe nan gaba da kwanakin da aka rasa na sana'a. A rubuta, kowa ya sa hannu gaban shaidu. Kuma a biya kafin a janye. Alkawarin ƙarshen wata ya cinye haƙƙin mutane da yawa.

Ka sani kuma da zarar magana ta shiga kotu, ƙarar ta zama ta hukuma. Daina zuwa kotu ba janyewa ba ce, yana iya sa a aiko maka da sammaci. A gaban alƙali ake faɗin an sasanta, shi ne zai duba ya amince ko ya ƙi, musamman idan laifin babba ne. Idan ya amince da janyewar ya wanke wanda ake tuhuma, ba za ka dawo gobe da wannan ƙara ba.

8. Ranar ba da shaida

A wannan shari'a kai shaida ne, lauyan gwamnati ko na 'yan sanda ne mai gabatar da ƙara. Ka same shi kafin ranar, ku bi bayaninka tare. Kana iya ɗaukar lauyanka ya zauna yana sa ido a madadinka. Ka isa kafin ƙarfe 9, ka zo da shaidunka ko da kai za ka biya musu kuɗin mota. Ka nemi tafinta idan Hausa ta fi maka sauƙi, babu abin kunya a ciki.

Lauyan wanda ake tuhuma zai yi ƙoƙarin nuna cewa kai ka fara, ko kare kansa ya yi, ko duhu ne ba ka ga fuska ba. Aikinsa ke nan. Ka amsa abin da aka tambaye ka kaɗai, ka fuskanci alƙali, abin da ka manta ka ce ka manta. Za a ɗaga shari'a, wataƙila sau da yawa, ko da yake sashe na 396 na ACJA ya taƙaita yawan ɗagawar da kowane ɓangare zai nema. Duk ranar da aka sa, rubuta ta kafin ka bar harabar kotu.

9. Hukunci da diyya

Tarar da alƙali ya yanke ta gwamnati ce, ba ta zuwa aljihunka. Abin da zai zo maka shi ne diyya, kuma sai an nema. Sashe na 78 na Final Kod da sashe na 319 na ACJA sun ba kotu ikon umartar mai laifi ya biya wanda ya cuta, har da kuɗin jinya. A nan rasit ɗin da ka tara za su yi magana. Ka jera su bisa kwanan wata, ka haɗa jimilla a takarda guda, ka ba mai gabatar da ƙara tun kafin ranar hukunci, ka tuna masa ya roƙi kotu. Inda aka sayi magani ba rasit, a koma kemis ɗin a roƙa ya rubuta, ko a nuna takardar likita da shaidar tura kuɗi ta waya.

Idan abin da aka bayar bai kai asarar ba, kamar wanda ya rasa ido ko hannu, ana iya shigar da ƙarar neman diyya daban. Irin wannan ƙara tana da wa'adi, don haka a ga lauya da wuri. Idan kuma Allah Ya yi wa mai raunin rasuwa sanadiyyar ciwon, a sanar da IPO nan take kafin a yi jana'iza, a karɓi takardar likita mai nuna sanadin mutuwa, domin tuhumar za ta koma ta kisa.

Ranar da aka yanke hukunci, kafin ka tafi gida ka shiga ofishin rajistara ka nemi kwafin hukuncin mai hatimi. Da shi za ka bi diyyar idan aka ƙi biya, da shi kuma lauya zai fara aiki idan ɗaya ɓangaren ya ɗaukaka ƙara.